Ranar da Kwaɗo Ya Ɓoye Takalmansa

Kwaɗo ake ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba, don shi a ganinsa kirari ne. Haƙar rijiya da yasarta ne sana'arsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuyansa da kansa kaurinsu ɗaya, kuma dangi sun yi ittifaƙi cewa rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta, shi ya sa in ya fito rana yake ta ƙifta ido kamar wanda aka tasa daga barci.

Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ya bar shi da uwa da ƙane ɗaya. Manya suka zauna suna rabon wa zai ɗauki wa. Kwaɗo, wanda a lokacin tsayinsa bai wuce randa ba, ya miƙe a tsakiyarsu ya ce shi ba kaya ba ne da za a ɗauka. Bai jira amsa ba ya fice, ya bi wani tsohon mahaƙi yana jan guga. A wurin tsohon nan ya koyi shiga rijiya ba igiya. Ramuka ake sarewa a jikin bango, dama da hagu, daidai shigar yatsun ƙafa, mutum ya ware ƙafafu, ya dafa bango da hannu biyu, ya yi ta sauka. Sauran mahaƙa suna ɗaura igiya a ƙugu. Kwaɗo ya ce igiya ta guga ce da akuya, kuma shi bai ga wanda ya isa ya riƙe masa ransa a hannu ba.

Akwai kuma ƙa'idar da tsohon bai yi wasa da ita ba. Duk mai shiga rijiya ya cire takalmansa ya jera su a bakinta, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da su. Takalmi a bakin rijiya yana nufin akwai mutum a ciki, kada a jefa guga, kada a rufe. Sau ɗaya Kwaɗo ya manta, tsohon ya zabga masa marin da aka ce sai da tsuntsayen unguwar suka tashi.

Haka ya girma, ya yi aure, ya aurar da ƙanensa wanda ya zama tela, kuma bai daina yi wa Tela ba'a ba. In sun gaisa sai ya juya tafin hannun ƙanen yana dubawa, ya ce, "Wannan hannu ne ko auduga? Ka yi hankali kada zare ya yanke ka, mu shiga jinya."

Sai ga ranar da wata sabuwar rijiya ta rufta da shi. Ƙasar wurin mai yashi ce. Abin da ya fara ji wata 'yar ƙara ce siririya, kamar ana tsiyaya sukari a kofi, yashi yana zubowa a ƙeyarsa. Kafin ya ɗaga kai bangon ya zo. Ƙasa ta binne shi har haɓa, ta murƙushe kafaɗarsa ta hagu, kuma duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matse ƙirjin don kada wani ya shiga. Da hannu aka tono shi. Ya daɗe a asibiti, ya fito da hannun hagu wanda ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, yatsun kuma ba sa riƙe abu da ƙarfi.

Masu zuwa dubiya sun sha labari. A bakin Kwaɗo, ko uffan bai ce ba a ƙarƙashin ƙasar, har ma shi ne yake faɗa wa masu tonon inda za su sa hannu. Ya samo wani dutse yana ɗagawa da hannun kowace safiya har jijiyoyin wuyansa su fito. In matarsa ta matso za ta taya shi sa riga sai ya juya mata baya, ya yi ta kokawa da rigar kamar wanda ya kama ɓarawo, har sai ɗaya ya yi nasara.

Amma akwai abin da dutsen bai gyara ba. Kwaɗo ya daina rufe ƙofar banɗaki in ya shiga. In matarsa tana tankaɗe, ƙarar garin ta sauka a kunnensa, sai ya tuna akwai wanda yake jiransa a waje. Kwalbatin bakin titi, wanda yara ke tsallakewa da ƙafa ɗaya, shi sai ya kewaye shi. In an kira shi aiki yakan je, ya tsaya nesa da bakin rijiyar, ya damƙi ƙasa ya shinshina, ya girgiza kai ya ce ba lokacinta ba ne, a bari ƙasa ta zauna. Rijiyoyin gari duka suka zama ba lokacinsu ba ne. A hankali aka rage kiransa. Digarsa da sheburinsa suna jingine a bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi gida a tsakaninsu har ya haihu.

Matarsa ta gani, don mai kwana ɗaki ɗaya da mutum ba a ɓoye mata rawar hannu. Wata rana tana ninke wanki ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Baban yara, da za ka sa igiya ai ba wanda zai ce komai."

"Wa ya ce miki ina bukatar igiya?"

"Ba kowa."

"To ki gaya wa ba-kowan nan ya kama bakinsa."

Ta ci gaba da ninki. Shi kuwa ya fita, ya zauna a ƙofar gida, don kalmar igiya kaɗai ta kawo masa warin ɗanyen yashi a hanci.

Goggo ce ta ƙure shi. Yayar mahaifinsa ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa da lafiyayyen baki, kuma rijiyar gidanta Kwaɗo ne ya haƙa ta da hannunsa tun yana saurayi. Ta zo har ɗaki, ta zauna a kujerarsa, ta ce ruwan rijiyarta ya ja baya, guga ba ya kawo komai sai laka.

"Goggo, ai wannan ba lokacin..."

"Kada ka shinshina mini ƙasa, na ji labari. Jibi da safe za ka zo. Na gaya wa Tela ya rufe shago ya ja maka guga, maƙwabta ma sun ce za su leƙo, an daɗe ba a ga aikinka ba."

"Hannun Tela ai ko bokitin wanka..."

"Hannunsa lafiya lau. Naka nake tambaya."

"Ƙalau," in ji Kwaɗo, ya ɗaga hannun daidai inda yake tsayawa, ya yi kamar dama ƙeya zai sosa.

Tun daga lokacin abinci ya daina wucewa a maƙogwaronsa. In ya je jibi ya tsaya a bakin rijiyar ƙafafunsa suka ƙi, a gaban Goggo da Tela da maƙwabta, to an gama. Babu mai sake kiransa, kuma bai iya wata sana'a ba, ko sayar da ashana. Sai ya yanke shawara irin tasa. Zai je ya gwada kansa shi kaɗai, in ya iya ya iya, in bai iya ba babu shaida.

Washegari da rana tsaka ya tura ƙofar gidan Goggo. Ya san lokacin ne take kwanciya ta miƙe gwiwa, rediyo yana surutu a kunnenta. Tsakar gidan shiru, sai kaji a inuwar bango. Ya janye murfin rijiyar, wani faifan ƙarfe mai nauyi, ya jingine shi. Sanyi ya taso daga ciki ya taɓa fuskarsa. Ya cire takalmansa ya jera su a baki, kamar yadda hannunsa ya saba. Sai ya tsaya yana kallonsu. Duk wanda ya shigo ya gan su ya san Kwaɗo yana ciki, kuma za a tambaye shi me ya kawo shi yau, shi da aka ce gobe. Ya sunkuya ya kwashe su, ya cusa a bayan randar da ke gindin bango.

Saukar ba ta yi wuya ba, kuma wannan ne ya cuce shi. Ƙafafunsa sun san ramukan, shi ya sare su. Nauyin jiki yana taimakon mai sauka, hannun hagu bai yi wani aiki ba sai dafawa. Yana sauka hasken sama yana ƙanƙancewa, daga faɗin tabarma ya koma faɗin tire. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin. Bai dubi ƙasa ba, bai dubi sama ba, bangon gabansa kawai yake kallo yana cewa a ransa, kai ne fa, kai ne fa.

Saura kaɗan ya kai, ramin da ya sa ƙafar dama ya narke a ƙarƙashinta kamar jiƙaƙƙen sabulu. Na hagu ya bi shi. Ya faɗa cikin laka har gwiwa.

Ya tsaya cak har numfashinsa ya dawo, sannan ya shafa bangon. Ruwan shekaru ya cinye ramukan ƙasa duka. Na farko mai ƙwari yana can sama da kansa, a ɓangaren hagu. A da ko tunani ba zai yi ba, zai kama shi ya ja jikinsa. Ya miƙa hannun. Hannun ya tashi zuwa kafaɗa ya tsaya. Ya juya ya kama da dama, ya ja, amma babu inda ƙafa za ta taka, ya zame ya dawo cikin laka. Da ya sake shafawa ƙasa-ƙasa sai hannunsa ya shige cikin fili. Ruwa ya rarake gindin bangon ya yi kogo zagaye, duk ƙasar da ke sama tana zaune ne a kan babu.

Sai ya ji ta. Siririyar ƙarar nan, da ɗan yashi a ƙeyarsa.

Ya manna bayansa da bango, ya tuna bangon ne abin gudu, ya dawo tsakiya, tsakiyar kuma ba ta fi faɗin tsayuwar mutum ba. Kafaɗarsa ta fara zogi kamar yau aka murƙushe ta. Yana cikin haka hasken sama ya ragu, wata inuwa ta leƙo, ya ji tarin Goggo da mitarta.

"Wane mara hankalin ne ya bar mini rijiya a buɗe?"

Ta dubi bakin rijiyar, babu takalmi, ta jefo guga. Gugan ya sauka a tsakiyar kan Kwaɗo da ƙarar da ya ji har haƙoransa.

A nan ne mai hankali zai buɗe baki. Kalma ɗaya ta isa. Ta zo masa har kan harshe, sai ya hango fuskar Tela, ya hango maƙwabta suna leƙowa, ya ji labarin yana yawo a gari kafin yamma. Ya haɗiye ta. Ya ce a ransa bari ta tafi, zai sake gwadawa, zai sari sabon rami da farce in ta kama. Kuma don ta yi saurin tafiya, sai bawan Allahn nan ya kama gugan, ya kai shi gefen da ruwa ya taru, ya cika mata shi taf, ya saki.

Goggo ta ja tana nishi. Ya ji ta tana cewa, "Ikon Allah. Ta ji an ce Kwaɗo zai zo, ta saki ruwa." Sannan ya ji ƙarfe yana jan siminti. Tiren hasken ya zama rabi, ya zama zare, ya ɓace.

Duhun da ya sauka ba irin na ɗaki ba ne. Kwaɗo ya ɗaga hannu gaban idonsa bai ga komai ba. Jan murfin ya girgizo ƙasa, wani dunƙule ya faɗo a kafaɗarsa, wani ya faɗa ruwa. Iskar ta yi nauyi. Ya ja numfashi ya ji bai isa ba, ya sake ja, ƙirjinsa ya ƙi buɗewa, kamar ƙasar ta riga ta zo ta zauna a kai. Ya kai farce bango yana ƙwaƙula, laka tana cika masa yatsu, ƙasa tana ƙara zubowa, ya bari. Babu wanda ya san yana nan. Matarsa ta ɗauka yana wurin masu shayi. Gobe za a taru, a jira shi, a ce Kwaɗo ya gudu, alhali yana ƙarƙashin ƙafafunsu. Takalman kuwa sai ranar da aka zo wanke randa.

Muryar da ta fito daga bakinsa bai san ta ba. Siririya ce, ta yaro.

"Goggo."

Ta bugi murfin ta dawo masa. Ya sake kira da ƙarfi, yashi ya amsa. Ya kira matarsa, ya kira Tela, ya kira uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Ya laluba cikin laka ya samo tsakuwa ya jefa sama da hannun dama, ta bugi bango ta dawo masa a goshi. Ya sake jefa wata, da wata, har ɗaya ta sami ƙarfen ya yi ƙara. Ya ci gaba da jifa yana kira, yana kuka, kukan da bai yi ba ranar da aka binne ubansa.

Bai san tsawon lokacin ba. Shi dai ya rantse gemunsa ya ƙara tsawo. Can sai zaren haske ya dawo, ɗan kaɗan, da muryar Goggo tana rawa.

"Mutum ko aljan?"

"Ni ne, Goggo."

"Kai wa?"

"Kwaɗo."

Murfin ya ƙara buɗewa. "Ina takalmanka?"

"Suna bayan randa."

"Bayan randa." Ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana magani. "To fito mana."

"Ba zan iya ba." Ya haɗiye yawu. "Hannun ba ya zuwa. Gindin ya rarake, ƙasa tana zubowa. Goggo, a ciro ni. Tsoro nake ji."

Tsohuwar da ke cewa gwiwa ba ta barinta zuwa ƙofar gida, ranar an gan ta a titi tana gudu ba mayafi. Tela ya zo da tef ɗin awo a wuya, matar Kwaɗo ta biyo shi hannunta duk kumfar wanki, sai matan maƙwabta, don mazan duk suna wurin aiki. Igiyar gugan ta tsufa, aka aro wata mai kauri a gidan da ake gini.

Tela ya kwanta rub da ciki ya leƙa. "Yaya, ga ta nan. Ka zagaya ta ƙarƙashin hammata."

"Kada ku taka kusa da baki. Ku ja da baya, ku ɗora ta a kan katako." Kwaɗo ya ɗaura igiyar, ƙullin ya kwance, ya sake ƙullawa. "Tela."

"Na'am."

"Za ka iya?"

"Da auduga? Za mu gani."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani, Yaya. Ba zan saki ba."

Suka ja. Ƙafafunsa suka fito daga laka da wata ƙara mara daɗin ji, ya tashi sama yana juyawa. Babu abin da ke ƙarƙashinsa, babu abin da zai kama, duk nauyinsa yana hannun tela ɗaya da mata da tsohuwa mai ba da umarni. Igiyar ta datse masa kafaɗar har ya ga taurari. A tsakiyar hanya ta zame ta koma ƙasa kaɗan, ya ji matarsa tana cewa a sake kamawa, a ja tare. A ƙasansa wani babban ɓangare na bangon ya saki ya faɗa inda yake tsaye ɗazu, ruwan laka ya fantsamo har tafin ƙafarsa. Ya rufe ido bai sake buɗewa ba sai da ya ji siminti mai zafi a kumatunsa.

Ya daɗe a kwance. Can ya tashi zaune. Tela yana gefe yana hura tafukansa, igiya ta sale su har jini. Matarsa ta tsuguna ta goge masa goshi da bakin zanenta, shi kuma bai juya mata baya ba.

"Wato kai ne ka cika mini guga," in ji Goggo.

Ya gyaɗa kai.

"Na yi ta yi wa rijiya godiya, ashe ƙato ne a ciki." Ta zauna daɓas a kan turmi, sai a lokacin hawaye suka zo mata. "Da na koma na kwanta fa?"



Labarin ya zaga gari kafin ya isa gida, kamar yadda ya yi tsoro, har da ƙarin cewa gugan ya lotsa. Ya yi kwanaki bai fita ba. Da ya fita, wurin masu buga zoben siminti ya nufa, don rijiyar Goggo ba ta yasuwa sai an saukar mata da zobba sun tare bangon. Ya nemo ƙarti biyu, ya sayi sabuwar igiya, ya bi ta taku-taku da yatsa yana neman inda ta yi rauni, har mai shagon ya tambaye shi ko aurenta zai yi.

Ranar aikin tsakar gidan ta cika. Kwaɗo ya ɗaura igiyar a gaban kowa, ya sa aka duba ƙullin, ya zauna a baki ƙafafunsa suna lilo a ciki. Ya juya, aka fara sakinsa a hankali. Kansa bai daɗe da ɓacewa ba muryarsa ta taso.

"Ku tsaya."

Ƙartin suka tsaya. Ɗaya ya buɗe baki zai yi magana, Tela ya girgiza masa kai. Igiyar tana rawa a hannunsu, kowa yana gani. Aka yi shiru har ana jin numfashinsa yana fitowa daga ramin, da sauri, sannan a hankali. Goggo ta kama hannun matarsa ta matse.

"Ƙara kaɗan," in ji Kwaɗo daga ciki. "Kaɗan fa na ce."

Suka saki kaɗan.